Takardun meri na farko da tarihin gari: ta ina za a fara kafin damina?

Mushe Abdu: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin takardu. Wani ƙaramin gari ne cikin Adar, jihar Tawa, da ya zama cibiyar kwamin, wato ƙaramar hukuma, bayan zaɓen 2004. Bayan meri, wato ofishin magajin gari, akwai ɗan ɗakin ajiya mai rufin kwano, an jibge rajistocin haihuwa da aure da mutuwa a ciki, da kundin zaman kwanseye na farko, wato majalisar gari, da takardun lanho, wato haraji, da na gonaki. Wasu cikin buhu suke, wasu a ƙasa kan daɓe. A gidan mai gari kuma akwai adaka cike da tsofaffin takardu, har da na ajami. Matasa sun ce za su ɗauke su hoto da salula su zuba a Facebook. Damina saura wata biyu. Ta ina ya kamata a fara?

Madam Hadiza: Wa alaikumus salam Mushe. Hoto ba shi ne farko ba. Abu na farko takardar izini daga magajin gari, a rubuce da sa hannu, domin abin da ke ɗakin nan dukiyar hukuma ce, ba ta matasa ba, ba ma ta magajin gari shi kansa ba. Na biyu, cikin makon nan a ɗaga komai daga ƙasa. Ko bulo huɗu ne a ɗora katako a kai, ya kasance akwai aƙalla santimita 15 tsakanin takarda da daɓe, kuma a bar taƙi ɗaya tsakaninta da bango. Sai wani ya shiga ɗakin da tsakar rana ya rufe ƙofa ya ɗaga kai: duk inda ya ga ɗigon haske a kwano, nan ruwa zai shigo. A toshe.

Na uku shi ne inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Kada a zazzage buhunan wuri guda a ce za a ware haihuwa daban, lanho daban. Kowane buhu, kowane ƙulli, a ba shi lamba yadda aka same shi, a rubuta a kaye, wato littafin rubutu: lamba, abin da ke ciki, shekarar farko da ta ƙarshe, yawan rajista, da halin da yake ciki. Wasiƙar da ba ta da kwanan wata, maƙwabtanta na cikin ƙulli su ne ke gaya maka shekararta. Ka raba ta da su, ka mai da ita marainiya.

Ɗan Adar: Madam, da girmamawa, ban yarda ba. In gara ta cinye rajista gobe, lissafin da ke kaye me zai amfana? Hoto kuwa ya tsira. Ni a ganina a fara ɗauka yau.

Madam Hadiza: Ƙanena, hoto dubu biyar marasa suna cikin salula biyar, wa zai san wane shafi na wane rajista ne? Lissafin ɗaki irin wannan ba ya cin mako biyu in mutum biyu suka zauna masa. Kuma shi ke nuna wanda ya fi kusa da mutuwa, a fara ɗauka da shi.

Baba Sakatare: Madam ta faɗi gaskiya, in ƙara da abin da ba a zubarwa ko da wasa. Kundin zaman kwanseye tun na kafa majalisa da zaɓen magajin gari na farko. Kasafin kuɗi da rahoton yadda aka kashe shi, kowace shekara. Rajistocin haihuwa, aure, mutuwa. Kundin ƙidayar lanho, wanga ko shi ne zinariya, don yana jera kowane gida da mai gidan da matansa da ƴaƴansa, wani zubi har da bisashe. Takardun kwamitin filaye da gonaki, wato COFO da aka kafa bisa dokar karkara ta 1993: shaidar gado, saye, kyauta, aro, jingina, da takardun shata burtali da mashaya. Sai takardun sulhun sarki kan rikicin gona. Guntayen tikitin kasuwa da rasit na yau da kullum su ne ake iya ragewa, amma ko su ba a ƙona su da ka. Ana rubuta jerin abin da za a zubar a nemi amincewar ma'aikatar adana takardun ƙasa.

Wani abu kuma Mushe. Kada ku zaci tarihin takardun garinku daga 2004 ya fara. Kwaminoni 265 aka yi wa zaɓe a shekarar, amma kafin nan superefe, shugaban arondisma, ke riƙe da haihuwa da lanho, tun gyaran 1964 da ya kawo arondisma bayan tsarin sarkal, wato gundumomin zamanin kwamandan. Saboda haka tsofaffin rajistoci, in ba a miƙo su ga meri ba, suna ɗakin ajiyar perefe, wanda ya gaji superefe. Ku nema can. Ku leƙa lakwal ma, rajistan ɗaukar ɗalibai na darakta yana da sunan yaro da na uba da sana'arsa tun ranar da aka buɗe makarantar. Haka rajistan likita.

Mushe Abdu: Baba, Allah ya ƙara girma. To gara fa? Akwai alamar ta a bangon gabas. Wasu sun ce a fesa maganin ƙwari kan buhunan.

Madam Hadiza: A'a, kada a fesa wa takarda komai. Maganin feshi yana da mai a ciki, yana barin tabo, yana narkar da tawadar bik da ta hatimi, sannan duk wanda ya buɗe rajistan daga baya yana shan gubar da hannu da hanci. Gara daga ƙasa take fitowa, ta tsagar daɓe ko gindin bango, tana gina hanyarta ta laka. Maganinta a ginin yake. A fitar da takardu, a kankare hanyoyin, a zuba maganin gara a tsagar, a liƙe da siminti, a bar ɗakin ya sha iska kafin a mayar. Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako. Da damina kowane mako wani ya duba bayan kantar da tocila, gara na iya gama rajista daga ciki bangonsa na nan lafiya lau.

Asu da kyankyaso daban ne, su cikin takardar suke zama, suna cin manne da gefen shafi. Hanyar da ta fi tabbas ita ce sanyi: a sa rajistan cikin leda mai kauri, a matse iskar, a ɗaure sosai, a sa a firiza mai kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili, mako guda cur. In an fitar kada a kwance ledar sai ta kwana ta yini, domin raɓar ta taru a bayan leda ba a kan takarda ba. Matsalarta wuta. In ana ɗaukewa firizar na narkewa tana sake daskarewa, aikin bai yi ba. Inda babu wannan hali, a ware mai ƙwarin daban, a fita da shi inuwa, a share shi shafi-shafi da buroshi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. Mai sharar ya rufe hanci, musamman in akwai kashin jemage ko na ɓera.

Hajiya Rabi: Ganyen dogon yaro fa? Kakanninmu da shi suke ajiyar tufa.

Madam Hadiza: Yana ɗan korar ƙwaro Hajiya, ba ya kashewa. In za a sa, busasshe ƙarau, a ƙulle cikin ƙyalle a ajiye a kusurwar akwati, kada ya taɓa takarda. Ɗanye danshi zai kawo.

Ɗan Adar: To mu sayi akwatunan ƙarfe mu sa kowane rajista cikin leda mu rufe. Ba gara, ba ɓera, ba ruwa.

Madam Hadiza: Akwatin ƙarfe na amince, leda ban amince ba. A Tawa iskar bazara busasshiya ce ƙwarai, ta Agusta kuma jiƙaƙƙiya. Ka rufe takarda cikin leda a watan Agusta, ka kulle danshin tare da ita, da zafi ya bugo sai ta yi gumi. Funfuna na tashi da zarar danshin iska ya wuce kashi 65 cikin ɗari ya daɗe a haka. A naɗe kowane rajista da farar takarda ko farin yadi na auduga da aka wanke, a shimfiɗa kwali a gindin akwatin saboda tsatsa, a kwantar da manyan rajistoci kada a tsayar da su, kada a ɗora fiye da uku ko huɗu kan juna. Zafi ma maƙiyi ne, shi ke sa takarda ta yi ja ta riƙa karyewa a hannu. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano marar silin nesa ba kusa ba, in dai an tsare gara.

Abubuwan da za a cire: ƙarfen maƙala takarda da ya yi tsatsa, da roba, wadda ke narkewa ta manne. Abin da ba za a sa ba: sikoci, wato salatif. Bayan ƴan shekaru ledarsa ta faɗi, danƙon ya shige cikin takarda ya bar baƙin tabo daidai kan rubutun. Shafin da ya yage a sa shi cikin farar takarda da aka ninka biyu, shi ke nan. Kada kuma a kai tsohuwar takarda a liƙe ta cikin leda da injin zafi, ba a iya warwarewa. Lambar shafi da fensir ake sawa, a kusurwa.

In ruwa ya riga ya taɓa, kwana biyu zuwa uku ke gare ku kafin funfuna. A tsayar da rajistan a inuwa a buɗe shi kaɗan, a saƙa farar takarda bayan kowane shafi ashirin ana canjawa, iska na kaɗawa. Ba a shanya shi a rana, ba a ɓamɓare shafukan da suka manne da ƙarfi.

Malam Isuhu: Salamu alaikum. Ni adakar gidan mai gari ta dame ni, don ita hukuncinta daban. Ba ta meri ba ce, ta gidan ce, sai da yardarsu, kuma a gabansu. Littattafan malamanmu na da ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke cikin tadarishi, a cikin gafaka. Ba su da lambar shafi. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta warƙa mai zuwa. Yaron da bai san haka ba in ya baza su kan tabarma iska ta kaɗa, sai an nemo malami ya zauna ya harhaɗa. Don haka a ɗauka ɗaya bayan ɗaya, a kife a gefe bisa jeri.

Tawadar kuma ta ƙaro ce, ruwa na wanke ta. Ba a taɓa yatsa da miyau a juya shafi, ba a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma. Hannu wankakke busasshe ya isa. A duba shafin ƙarshe da kyau, nan mai kwafi kan rubuta sunansa da na wanda ya yi wa, wani lokaci da shekarar Hijira. A juya ta haka: a ninka da 0.97 a ƙara 622. Shekarar 1350 za ta ba ka 1931. A ɗaga warƙar a hasken taga, in an ga hoton jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda ake kawowa daga Italiya ce ta hanyar sahara, a rubuta hakan cikin lissafi. Kuma kada a raina ƴan guntayen da ke saƙe a tsakiya. Wasiƙar sarki, rabon gado, lissafin bashi, ranar da aka haifi wane ko ranar da fara ta sauka, sau da yawa tarihin garin yana nan, ba cikin babban littafin fiƙihun ba, wanda akwai irinsa a ko'ina.

Ɗan Adar: To yanzu a zo fagena. In an gama lissafi, ga yadda ake ɗauka. Shafin A4 yana son wajen megafiksel 9 kafin ƙaramin rubutu ya fito, don haka salula mai 12 ta wadatar. Babban rajista mai girman A3 kada a ɗauki shafi biyu a hoto guda, ɗaya-ɗaya. Salular a kafe take, ba a hannu ba: a ɗora katako tsakanin kujeru biyu a huda wurin idon kyamara, takarda a ƙasa kan baƙin yadi, da ƴar rula a gefe. Hasken inuwa da hantsi, ba filasha, ba rana kai tsaye. A fara da bango, sai kowane shafi har marar rubutu, don a san ba a tsallake komai ba. Rajistan da ɗinkinsa ya yi tauri kada a danne shi, a tallafe ɓangare ɗaya da matashi.

Sunan kowane hoto ya bi lambar kaye, misali B07_R02_0045, wato buhu na 7, rajista na 2, shafi na 45. Kowace yamma a juye a kwamfuta a duba, wanda ya yi dishi-dishi a sake shi tun rajistan bai koma akwati ba. Hoto ɗaya wajen mega 4 ne, shafi dubu goma giga 40 ke nan, ba wani abu ba ne. Amma kada a tura ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi rubutun ya dagule, sai dai a matsayin fayil. Kofi uku a faifan ajiya: ɗaya a meri, ɗaya a wani gini daban, ɗaya a wani gari. Kowace shekara a kunna faifan a gwada, bayan shekara huɗu ko biyar a juye a sabo.

Madam Hadiza: Wannan daidai ne. Ƙari ɗaya, a fara da masu gushewa: takardar fas (fax) da rasit na inji masu dusashewa su koma fari, kofin kabon kan siririyar takarda, da masu shuɗin rubutu na injin juyi.

Mushe Abdu: Wani ya kawo shawarar a kwashe komai a kai Yamai, can akwai masana.

Baba Sakatare: Rajistan haihuwa ba ya barin meri, kullum ana zuwa neman kofi. Takardun gona ma haka, ranar rikici a nan ake buƙatarsu. Abin da ya dace a aika Yamai shi ne kofin lissafi da na hotuna.

Malam Isuhu: Na ajami ma ni ban son a raba su da gidan. A IRSH, cibiyar bincike ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda tushensa tarin da Bubu Hama ya fara ne. A nemi su taimaka da karatu da tantancewa, a ba su hoto. In gidan da kansu suka ga ba za su iya riƙewa ba, sai a yi ajiya da takardar yarjejeniya mai jera kowane littafi da yawan warƙarsa.

Madam Hadiza: Ni a nan na ɗan saɓa muku. In ɗakin na yoyo kuma majalisa ta ƙi sa ko dala a kasafi, gara a miƙa tsofaffin da ba a aiki da su ga ma'aikatar adana takardu da a bar su su ruɓe don kishin gari. Amma tafiya Yamai tana da wani amfanin: ku je ku ɗebo. Rahotannin rangadin kwamandan, da bayanan da suka rubuta kan kowane sarkal da kanto, wato ƙasar sarki, da sarakunansa, suna ma'ajiyar takardun ƙasa. Wasu na Dakar, inda babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa ya zauna, wasu na Aix-en-Provence. Ku nemi sunan garin da rubutu iri-iri, don kowane Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, kuma ku nema ƙarƙashin sunan kanto. Kafin ku je ku karanta littafin Djibo Hamani kan Adar kafin zuwan Turawa, na 1975.

Hajiya Rabi: Duk kun tsaya kan takarda, alhali tsofaffi sun fi takardar saurin tafiya. Kuma rahoton kwamanda abin da tafinta ya gaya masa ne, ƙidayar lanho kuwa kowa ya san ana ɓoye mutane da dabbobi. Sai an haɗa da baki.

A zauna da tsoho shi kaɗai tukuna. In aka tara su a fada, babba ya yi magana, sauran sai "haka ne". A farkon ɗauka ya faɗi sunansa da na iyayensa, da wanda ya ji labarin daga bakinsa, da ko ya yarda a saurara a waje. Salula ta yi kamar taƙi biyu daga bakinsa, cikin ɗaki, a kashe kira, nesa da injin niƙa. Awa ɗaya ta isa, a dawo wata rana. Kada a tambaye shi "ashe wane ne ya kafa garin?", a ce "wa ya fara sara a nan?" a yi shiru. Kada a tsaya gidan sarauta kaɗai. Tsofaffin mata su suka san auratayya da abin da aka ci a shekarun yunwa. Maroƙa na riƙe da jerin sarakuna cikin kirari. Gidajen Azna, maƙera, wanzamai, da Fulani da Abzinawan da ke shayarwa a rijiyar garin, kowa da nasa, kuma in sun saɓa a rubuta duka yadda aka faɗa, kada a daidaita.

Shekara kuma ba a tambayarta da lamba. A jingina ta da abin da aka sani: yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, soke aikin tilas 1946, ƙuri'ar i ko a'a ta Satumba 1958, husufin rana na 30 ga Yuni 1973, hawan Kunce a Afrilu 1974, yunwar El Buhari 1984, karyewar darajar sefa a Janairu 1994. "Lokacin kina da aure? Goyon wa kike?" Da haka ake gyara shekarun da aka yi wa ƙiyasi a takardun haihuwa na kotu. Jerin masu gari a lissafa shi daga na yanzu a koma baya, a yi hattara da "shekara arba'in", sau da yawa nufinta ya daɗe. A Yamai akwai CELHTO, cibiyar tattara tarihin baka, aikinsu ke nan tun 1968, a ba su kofin muryoyin. In an samu tsofaffin kaset a gari, kada a sa su a rediyon da bai da lafiya, ya tauna zaren.

Ɗan Adar: To Facebook fa? Matasan don a gani suke yi, in an hana su za su watse.

Baba Sakatare: Ɗana, rajistan haihuwa da takardar gona ba sa hawa Facebook. Akwai sunayen rayayyu, akwai wanda aka rubuta ba uba, akwai takardar jinginar da in ta fita gobe gida biyu na gaban alƙali. Tsohuwar ƙidaya kuma wani zubi tana faɗin asalin gida, wane bawan wane ne, ka san abin da wannan ke haifarwa a wajen neman aure.

Hajiya Rabi: Akwai abin sawa da yawa ai. Hoton majalisar farko, shafin da aka yanke gina kasuwa, ranar buɗe lakwal, tarihin rijiya, muryar tsohuwa tana waƙar daka in ta yarda. Kuma tsofaffin hotuna in an sa, jama'a ke faɗin sunayen waɗanda ke ciki, sai a kwafe a kaye.

Mushe Abdu: Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe: makulli wa zai riƙe? Majalisa na canjawa, an sha rushe ta a naɗa wakilin gwamnati.

Baba Sakatare: Babban sakataren meri, da ma'aikacin rajistan haihuwa a matsayin na biyu, ba zaɓaɓɓe ba. A sa batun cikin zaman majalisa a rubuta shi a kundi, da ɗan layi a kasafi na kwali da maganin gara da gyaran rufi. Lissafin a buga shi kofi uku, meri, perefe, gidan sarki, kuma a haɗa shi cikin takardar miƙa aiki duk ranar da aka canja shugaba, mai fita da mai shiga su sa hannu. A ajiye kaye a bakin ƙofa: wanda ya ɗauki rajista, lambarsa, ranar fita, ranar dawowa. Ko perefe ne ya aiko, ɗan aiken ya sa hannu.